Kaset ɗin fo-tirak na marigayi Yayana, ya zan yi in juye su a kwamfuta?

Sadauki_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu harkar situdiyo ku taimaka min da shawara. Yayana Allah ya yi masa rasuwa bara da azumi, to satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakinsa sai na ci karo da wani kwali a ƙarƙashin gado cike da kaset, guda 23 na ƙirga, yawancinsu TDK SA ne da Maxell, kowanne da rubutun hannunsa a jiki, sunan waƙa da shekara, daga 1998 zuwa 2001. A gefe kuma ga na'urar da yake naɗa da ita an lulluɓe ta da tsohon zani, Tascam 424 MKII, fo-tirak ce, wato mai naɗa layin sauti (tirak) huɗu daban-daban a kan kaset ɗaya. Lokacin ina firamare nakan zauna a bakin ƙofa ina kallonsa shi da abokansa suna maimaita baiti ɗaya har a kira magariba, amma ban taɓa sanin ya adana su ba.

Na aro rediyo mai kaset wajen maƙwabcinmu na saka guda ɗaya, sai na ji muryar ta yi kauri tana jan jiki kamar batir ya yi sanyi, da na juya ɗaya gefen kuma kiɗan da baya yake tafiya. Wallahi gabana ya faɗi. Sun lalace ne? In ba su lalace ba ya zan yi in shigar da su laftof kowane tirak daban don a sake miksin? Ina da sawun kad, wato na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta, mai baki biyu. Ita na'urar ban kunna ta ba tukuna, tsoro nake ji.

MaiFiyano_KD:
Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa ya huta. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ba abin da ya samu kaset ɗinka. Rediyon gida gudun santimita 4.76 take ja a sakan ɗaya, ita kuma 424 in an sa ta a babban gudu santimita 9.5 take ja, ninki biyu kenan, shi ya sa ka ji muryar ta yi ƙasa. Batun baya kuma, kaset na gida layi huɗu ne a jikin zaren, biyu na gefen A biyu na gefen B. Fo-tirak tana cinye huɗun gaba ɗaya ta fuska guda, babu wani gefen B. Da ka juya tirak na 3 da na 4 ka ji suna tafiya da baya. Amma dan Allah kar ka sake saka su a wannan rediyon, in ta cinye zaren shi ke nan.

Umman_Nana:
Allahu akbar. Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri.

Injiniya_Gyara:
Allah ya yi masa rahama. Kafin komai malam abu biyu. Na ɗaya ka duba saman kowane kaset, akwai 'yan harsuna biyu na roba, ka ɓalle su duka yau ɗin nan, in an ɓalle ko ka danna rikod da kuskure ba zai goge ba. Na biyu ka juya bayan na'urar ko jikin adaftarta ka karanta wutar da take ci. Da yawan irin waɗannan daga Amurka aka shigo da su, volt 120 suke ci, mu kuma tamu 230 ce, kana jonawa kai tsaye za ka ji ƙauri. In 120 ce sai ka nemo sitef-dawun, wato mai rage ƙarfin wuta.

Sannan na'urar da ta shekara ashirin da wani abu a ajiye kar ka yarda da ita. Bel ɗin ciki roba ne, a zafinmu na nan yakan narke ya koma kamar kwalta, na buɗe irinsu ba sau ɗaya ba sai da auduga da sifirit nake kankare shi daga jikin fulin. Ka fara gwada ta da kaset ɗin banza wanda ba ka damu da shi ba.

DanMaradi:
Ni abin da munka yi da namu mai sauƙi ne walle. Munka sa waya daga bakin hedfon zuwa kwamfuta, munka danna, waƙa ta shiga. Mi za ka wahal da kanka?

MaiFiyano_KD:
@DanMaradi wannan ai a haɗe zai fito aboki, sitiriyo kawai. Shi so yake murya daban, kiɗa daban, amshi daban, yadda gobe in ya ga dama zai ɗaga muryar ya rage fiyano. In a haɗe ya ɗauka hannunsa ya ɗaure.

@Sadauki ka duba bayan 424 ɗin, akwai bakuna huɗu a jere na fitar da sautin zaren, 1 2 3 4, irin bakin bidiyo na da. Nan ne arzikinka. Kowanne yana fito da tirak ɗinsa shi kaɗai ba tare da ya bi ta mikisa ba.

Sadauki_Fagge:
Na gode ƙwarai. Na ɓalle harsunan duka, kuma na ga bakunan huɗu. To tunda kad ɗina baki biyu ne ba sai in ɗauki 1 da 2, in mayar da kaset baya in ɗauki 3 da 4, in jera su a kwamfuta ba?

BabaSitudiyo:
Yaro ba a nan gizo ke saƙar ba. Ni na yi wannan kuskuren da hannuna don haka saurare ni da kyau. Kaset ba ya taɓa gudu iri ɗaya sau biyu. Motar lantarkin da ke cikin na'urar ce ke jan bel, bel na jan ƙarfe, ƙarfe da rola suna jan zare, kowane zagaye akwai ɗan bambanci da kunne ba ya ji in kana sauraron waƙar ita kaɗai. Amma ranar da ka ɗauko zuwa na farko da zuwa na biyu ka ɗora su kan juna, farkon zai hau daidai ka yi ta murna, kafin a kai amshi na biyu sai ka ji murya ta fara riga kiɗa, a ƙarshe kamar mutum biyu ne suke rigima. Yi lissafi da kanka, ko da bambancin kashi ɗaya cikin dubu ne kawai, waƙar minti 5 sakan 300 ce, ka ga a ƙarshe an samu ratar kusan sulusin sakan. A kiɗa sulusin sakan ba ƙaramin abu ba ne, ko mai rawa ma sai ya tsaya ya waiwayo. Kuma ba wai tafiyar a miƙe take ba balle ka ja ta sau ɗaya ta daidaita, nan ta yi sauri can ta yi sanyi. Na kwana uku a kan waƙa ɗaya ina yanka ina turawa, kuma har yau in na saurare ta ina jin wajen ɗinkin. Kai kuma kaset 23 gare ka.

Ka nemo kad mai baki huɗu ka kwashe su a zuwa ɗaya. Ko aro ne ko haya.

Kb_Beats:
Baba da girmanka amma ana yi fa. Dabarar ita ce ka riƙe tirak ɗaya a kowane zuwa, wato 1 da 2, sai 1 da 3, sai 1 da 4. Tunda tirak 1 yana cikin kowanne da shi za ka riƙa auna sauran, duk inda ya zame ka ja shi ya hau. A manhajar haɗa sauti ta Reaper akwai alamomin da ake dasawa ana jan sauti da su, na yi wa wani haka kuma ya fita. Wasu ma kafin su fara sai su naɗa ƙwas ɗaya a kan duka tirak huɗun a farko da ƙarshen waƙa don ya zama alama.

Injiniya_Gyara:
A'a Kb, wannan ta ƙarshen kar ma ya ji ta. Ka ce ya danna rikod a kan kaset ɗin mamaci wanda babu kwafinsa a duniya? Sakan biyu ya makara wajen tsayarwa ya goge farkon baiti. Ai shi ya sa na ce ya ɓalle harsunan.

BabaSitudiyo:
Ta farkon ma ban hana ba ɗana, in babu yadda za a yi. Amma ka lura zuwa uku kenan a kan zaren da ya tsufa maimakon ɗaya. Kuma in Yayan nasa ya ɗauki kalangu da murya a ɗaki ɗaya, sautin wannan ya shiga makirufon wancan, to ko ka daidaita su da ido kunne zai ji wani shuuu yana kai da komo kamar iska a bututu. Wannan ba ya gyaruwa.

Hajjo_Sound:
Ina bayan Baba. Kad mai baki huɗu ba wani abin nema ba ne yanzu, akwai Behringer UMC404HD, akwai Focusrite Scarlett 4i4, akwai Tascam US-4x4, kuma kusan duk situdiyon da ke ɗaukar 'yan amshi za ka samu mai huɗu ko takwas. Ni da ni ce kai ba zan saya ba ma, zan ɗauki na'urar da kwalin in je in kama situdiyo na yini biyu. Lissafa ka gani, kaset mai minti 60 a babban gudu ta fuska ɗaya minti 15 kawai yake ɗauka, mai 90 kuma minti 22 da rabi. Ko duka masu 90 ne bai kai awa 9 ba.

Abin da za ka riƙe: wayoyi huɗu masu kan bidiyo a gefe ɗaya babban jak a ɗaya gefen. Ka sa bakunan kad ɗin a layin, ba na jita ba, ka tabbata wutar volt 48 ta makirufo a kashe take. Ka ɗauka a fayil ɗin WAV, bit 24, 48 ko 96 kHz, kar ka kusanci MP3 a wannan matakin. Kar ka cika ƙara, in mita tana kaiwa wajen -12 zuwa -10 a inda waƙa ta fi ƙarfi ya isa, ƙari ana yinsa daga baya amma in ya fashe ya fashe. Kuma kar ka tsaya tsakanin waƙa da waƙa, ka danna tun daga farkon zare ka bar shi har ya ƙare, yankan daga baya ne. A 48 kowane tirak yana cin kusan mega 8 da rabi a minti, kaset ɗin minti 15 mai tirak huɗu ya ɗan haura mega 500, ba wani abu ba ne.

Sadauki_Fagge:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Audacity nake da shi na ɗaukar sauti a laftof, zai yi?

Hajjo_Sound:
A Windows yakan ba da wahala, wanda aka saba saukewa ba ya zuwa da ASIO, wato direban da ke sa manhaja ta ga duk bakunan kad, sau da yawa baki biyu kawai yake gani ko kad ɗin mai huɗu ne. Sauke Reaper, suna ba da kwana 60 na gwaji cikakke, lasisin kuma dala 60 ne. Ko Cubase in situdiyon da shi suke aiki, duk ɗaya ne.

Umman_Nana:
Ku yi haƙuri na shigo muku da tawa. Ina da kaset na bikin mahaifiyata da wasu na karatun kakanmu, na gida ne ba irin nasa ba, amma biyu sun yi fari-fari a ciki kamar gari. Wata ta ce in shanya su a rana. Haka ne?

Zango_Kumasi:
Ni na ji ana gasa su a oben ma, wai yana dawo da su sabo.

Injiniya_Gyara:
Hajiya kar ki shanya, rana tana lanƙwasa gidan kaset ta kuma sa zaren ya yi tattara. Wannan farin fumfuna ce, danshi ne ya kama su. Ki ware su daga sauran a leda daban don tana yaɗuwa, kar ki saka su a rediyo haka nan, kar kuma ki busa da baki. Mai gyara zai buɗe ya bi zaren a hankali da ƙyalle mai laushi.

Zango, gashin da ka ji gaskiya ne amma ba na wannan ba ne. Na manyan faifan zare ne na situdiyo, irin Ampex 456 da 406 na shekarun 1970 da 1980, waɗanda gam ɗin jikinsu yake shan danshi ya riƙa manne wa hed ɗin da ke karanta zare yana ƙara ƙiii. Su ake sa wa zafi kaɗan, wajen digiri 54, na awanni, a na'urar da take riƙe zafi daidai. Oben ɗin kicin sai dai ka kwaso narkakkiyar roba. TDK SA da Maxell irin na Sadauki ba kasafai suke wannan ciwon ba. Nasu ciwon shi ne ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar baki, gam ɗinsa yakan saki ya faɗi, in babu shi sauti zai dushe. A duba kowanne kafin a saka.

MaiFiyano_KD:
Mu dawo kan Sadauki, akwai abin da ba wanda ya ambata, dbx. A jikin 424 akwai makunninsa. Abin da yake yi shi ne lokacin naɗa ya matse sautin rabi, lokacin saurare ya buɗe shi, da haka yake kashe shuuu ɗin kaset. In Yaya ya naɗa da shi a kunne kai kuma ka kwasa a kashe, za ka ji sautin ya yi siriri ya yi tsini ga hayaniya ta taso. In kuma bai sa ba kai ka sa, sai murya ta riƙa nutsewa tana tasowa kamar numfashi. Ka duba takardar kaset ko ya rubuta, in bai rubuta ba kunnenka zai gaya maka cikin sakan goma. Sannan in ka ji tirak na 4 yana wani kuka ƙiiii babu kiɗa babu murya kar ka ce lalacewa ce, siginar da ke jan fiyano ko injin ganga ce, makunnin yana da wajen SYNC saboda ita.

Maɓallin ƙara gudu ma ka tsayar da shi a tsakiya. Mutanen da sukan ɗan murɗa shi don murya ta yi zaƙi. In da fiyanon Yamaha ya yi kiɗan to da sauƙi, sa tuna, wato mai auna hawa da saukar sauti, a kan tirak ɗin fiyano, in ta nuna ya hau ko ya sauka ka san an taɓa.

Kb_Beats:
Ni tambayata ma daban ce. In an kwashe ɗin wa zai yi miksin, kuma da wane kunne? Don in ka ba yaran yanzu za su zuba otocun mai daidaita murya su danna bes su cire duk wani shuuu, a ƙarshe ba za ka gane Yayanka ba.

BabaSitudiyo:
Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu lokacin da muke aiki da fo-tirak layi huɗu ne ba ƙari, in kana son na biyar sai ka tattara uku ka zuba su a na huɗu ka goge ukun ka sake amfani da su. Kafin ka yi wannan sai ka yi tunani sosai, don yadda ka auna ganga da bes a ranar haka za su zauna har abada. Ina nufin Yayan nan nasa ya riga ya yanke hukunci da yawa a cikin zaren nan, da kunnensa, a ɗakinsa. Ni a ganina a daidaita ƙara, a raba hagu da dama, a ɗan share ƙura, a tsaya nan. Muryar mutum da ɗan karkacewarta ita ce shi.

Hajjo_Sound:
Baba ban ƙi ba amma ni ina ganin a yi biyu. Ɗaya yadda ya bari, ɗaya kuma sabo. Wa ya sani ko shi ma da ya samu kayan yanzu da ya fi mu murna? Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a taɓa asalin fayil ɗin. A kwasa ɗanye, babu iko (echo) babu komai, a ajiye a wuri uku, laftof da had dis da intanet, sannan a yi wasa da kwafi.

DanMaradi:
Kuma in za a sa ta a YouTube a nemi abokan nan nashi da sunka yi amshi a shaida musu, hakkinsu na ciki.

Zango_Kumasi:
Wanda aka riga aka haɗa ɗin ba AI yana raba su ba yanzu?

Kb_Beats:
Yana raba murya da kiɗa ba laifi. Amma kayanmu bai san su ba, na gwada da kalangu, da yake kalangu yana hawa yana sauka kamar magana sai ya raba shi biyu, rabi ya tura cikin murya rabi cikin ganga. Ban ji daɗin abin da ya fito ba.

Sadauki_Fagge:
Salam 'yan gida, na dawo bayan kwana tara. Injiniya maganarka ta tabbata, 120 ce, kuma bel ɗin ya saki, mai gyara ya sa sabo ya goge hed da rola, audugar sai da ta koma ruwan ƙasa. Wani abokina ya ara min kad mai baki huɗu. Da farko akwai wani gurnani a ƙasa, da na zare cajar laftof na bar ta a batir sai ya ɗauke. Kowane kaset sai na kai shi ƙarshe na dawo da shi kafin in ɗauka kamar yadda mai gyaran ya ce. Yanzu na kwashe 14.

Jiya da daddare na kashe sauran tirak na bar na 3 shi kaɗai a wata waƙar 1999. Kafin kiɗa ya shigo sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce wa wani "rufe min ƙofar nan", sai ƙarar ƙofar ɗakin nan namu da har yau take wannan kukan, sannan ya ja numfashi ya fara. Na kira Umma na sa mata hedfon. Ba ta ce komai ba, da ya ƙare ta ce in mayar mata farkon. Sau huɗu na mayar.

To ga sabuwar matsala. Guda 5 daga ciki an rubuta 488 a jiki, in na saka su kowane tirak sai in ji abu biyu a cakuɗe kuma ba su fita sosai.

MaiFiyano_KD:
Allah ya jiƙan Yaya, ya ba Umma haƙuri. Waɗannan biyar ɗin masu tirak takwas ne, da alama a wajen wani ya naɗe su a Tascam 488. Layukan sun fi sirantaka, hed ɗin taka yana hawa kan biyu lokaci guda. Cire su ka ajiye, 424 ba za ta karanta su daidai ba. Sai an samo mai takwas, kuma in da hali Tascam 238 don ita tana da bakin fita takwas a baya. 488 MKII ba ta da su, sai an yi ta dabara ana fitar da wani ta hagu wani ta dama wani ta bakin iko, kuma da wuya takwas ɗin su fito a zuwa ɗaya.

Kb_Beats:
Ka ga a nan dole a dawo kan dabarata ta riƙe tirak ɗaya, in dai 488 ɗin kawai aka samu.

BabaSitudiyo:
Ko kuma ya yi haƙuri har a samu 238 ɗin, zaren da ya jira shekara ashirin da wani abu zai iya ƙara wata shida in an sa shi inda ba zafi ba danshi, nesa da sifika. Sadauki ka tambayi abokan Yayan naka wajen wa suka je naɗa waɗannan biyar ɗin, wataƙila na'urar tana nan a ɗakin wani an lulluɓe ta da zani ita ma. Kuma wajen "rufe min ƙofar nan" ɗin, duk wanda zai yi maka miksin ka gaya masa tun kafin ya zauna kar ya yanke shi.

Sadauki_Fagge:
In sha Allah Baba. Ɗaya daga cikinsu yana Zariya, na karɓi lambarsa wajen Umma, gobe bayan Juma'a zan kira shi. Hajiya Hajjo, sauran guda huɗun da suka rage in ci gaba a 48 ɗin ko in koma 96?